Kafin Ka Ɗura Wa Motar Mutum Gas

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Wudil ya ratsa Gaya ya nufi Dutse zai ga motoci na gani na faɗa, Corolla da Camry da Hilux, gilasai a sauke, mai tuƙi ya jiƙe sharkaf da gumi. Wasu tsadar fetur ce ta sa suka daina kunna esi tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Da yawa kuwa ba haka ba ne. Esin ne ya daina sanyi, aka kai aka ɗura gas, ya yi sati biyu ya koma gidan jiya, aka sake ɗurawa, daga ƙarshe aka ce kwamfaresa ta mutu, aka yanka kuɗin da mai motar ya ji ya ce a bar ta haka.

Da ku nake, ƙannena na Gaya da Ajingi, waɗanda ke gareji a hannun maigida da waɗanda suka gama sakandare suna laluben abin yi. Gyaran esin mota sana'a ce mai abinci a ƙasar da zafin Afrilu kan haura digiri 40. Ma'aikacin ƙaramar hukuma, ɗan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Wudil da Dutse, malamin jami'a, motar ɗaukar marasa lafiya, duk suna da buƙata, kuma galibi sai sun shiga birni suke samun wanda hankalinsu ya kwanta da shi. Sai dai sana'ar hawa biyu ce. Akwai mai ɗura gas, akwai mai gyaran esi. Na farko gwangwani da tiyo kawai yake buƙata, a yini ɗaya ake koyon aikinsa, kuma a hannunsa kwamfaresa da yawa suke rasa rayukansu. Na biyun nake so ku zama.

Fara da cire wa kanka maganar da kusan kowane mai mota yake zuwa da ita: "Gas ne ya ƙare, a ƙara min." Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙona shi ake yi ba. A rufe yake cikin bututu, zagayawa kawai yake. Gaskiya ne ɗan kaɗan yakan sulale ta jikin robobi a tsawon shekaru. Amma motar da aka ɗura wa gas watan jiya ta dawo yau babu sanyi, ɗayan biyu ne: ko tana yoyo, ko kuwa tun farko matsalar ba ta gas ba ce. Idan ka ƙara mata ba ka nemo dalili ba, kuɗin mutum ka karɓa ka watsa a iska.

Ka san yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa: abin da ya tsattsafo ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Esi ma haka yake, sai dai shi nasa ruwan ba a barinsa ya tsere, kamo shi ake yi a sake juya shi. Gas ɗin da ke cikin yawancin motocinmu, R-134a, a fili yana tafasa ne tun a digiri 26 ƙasa da sifili. Kwamfaresa, wadda inji ke juyawa da bel, tana zuƙo shi yana tururi ta matse shi, sai ya ɗauki zafi sosai. Daga nan ya shiga kwandansa, wannan siririyar da ke gaban lagireto, iska ta kwashe zafinsa ya koma ruwa. Ya bi ta diraya, wadda ke tsotse laima ta tace datti, ya iso wani bawul mai ƙaramar kafa wanda ke sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ibafareta a bayan dashbod. A can matsi ya ragu, ya tafasa, ya kwashe zafin iskar da fankar ciki ke hurowa ta jikinta. Iskar nan ce mai mota yake ji a fuskarsa. Sai tururin ya sake komawa kwamfaresa. Ke nan hanyar ta kasu biyu. Daga bakin kwamfaresa zuwa bawul matsi mai yawa ne, bututun siriri ne kuma da zafi. Daga bawul zuwa komawa kwamfaresa matsi kaɗan ne, bututun ya fi kauri kuma da sanyi. Wanda ya riƙe wannan zagaye a kansa ya yi rabin karatun.

Idan an kawo maka mota, kada hannunka ya fara kai wa gwangwani. Bakinka ne zai fara aiki. Yaushe ya daina sanyi, farat ɗaya ne ko a hankali? Da safe yana yi, sai rana ta take ya ɗauke? In ana gudu a titi yana sanyi, in an tsaya ya daina? Iskar tana fitowa da ƙarfi ba sanyi, ko da sanyinta amma ba ƙarfi? Wa ya taɓa shi na ƙarshe, me ya zuba? Kowace amsa tana nuna maka gefen da za ka duba. Iska mai sanyi marar ƙarfi, alal misali, sau da yawa filtar da ke bayan akwatin dashbod ce ta toshe da ƙurar hunturu. Ka zaro ta ka ga ta zama kamar an binne ta a gona. Aikin minti biyar ne, babu ruwan gas a ciki.

Bayan tambaya sai ido. Buɗe bonet ka bi bututun tun daga kwamfaresa har inda suka shige jikin mota. A nan ƙurar ƙasarmu tana taimakonka. Gas yana tafe ne tare da mai, saboda haka duk inda yake fita yakan bar danshin mai, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. Mahaɗar bututu, inda aka matse tiyon roba da ƙarfe, bakin da ake sa geji, goshin kwamfaresa a bayan fuli, da fuskar kwandansa inda tsakuwar titi ke bugu, nan ne wuraren da aka fi kamawa. Ka duba bel, ka duba fis da rile, ka leƙa tsakanin kwandansa da lagireto, domin ƙaiƙayi da ganye da leda sukan cushe a wurin ba a gani daga waje.

Sai geji. Agogo biyu ne da tiyo uku: shuɗi na ɓangaren matsi kaɗan, ja na ɓangaren matsi mai yawa, rawaya na tsakiya wanda ake ɗura gas ko zuƙe iska ta cikinsa. Ka fara ɗaura shi inji a kashe, motar ta huce. Alluran biyu za su tsaya kusan wuri ɗaya, kuma inda za su tsaya zafin gari ne ke yanke shi. Da R-134a, da sanyin safiyar hunturu na digiri 20 za ka ga kusan psi 70. A digiri 30 kusan 97. A digiri 40 ya haura 130. A nan yara da yawa suke ruɗewa. Sai su ga allura a kan 100 su ce gas a cike yake. Ba haka ba ne. Muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, ko kwata ne ya rage, allurar za ta nuna kusan lamba ɗaya da ta motar da ke cike. Abin da wannan awo yake gaya maka shi ne ko akwai gas ko babu, ba yawansa ba. In ka ga ya faɗi ƙasa da 30, to ka san dalilin da ya sa kwamfaresa ta ƙi kamawa: akwai makunnin tsaro da ke hana ta. A motocin Toyota da yawa yana yanke wuta idan matsi ya sauka ƙasa da kusan psi 28 ko ya haura kusan 455.

Yanzu tayar da inji, kunna esi zuwa ƙarshe, a ɗan taka totur ya kai juyi 1,500. Lafiyayyen esi a zafin digiri 30 zuwa 35 zai sauke shuɗin agogo zuwa tsakanin 30 da 45, jan kuma ya hau wajen 200 zuwa 250. A tsakiyar ranar Afrilu jan yakan doshi 300 ba tare da wata cuta ba. Waɗannan lambobi jagora ne, kowace mota da nata, amma yadda alluran suke kaucewa daga nan shi ne harshen da esi yake magana da shi.

In duka biyun sun yi ƙasa, gas ya yi kaɗan, sai neman yoyo. In duka biyun sun yi sama, zafi ne ba ya fita daga kwandansa, ko an cika gas ya wuce kima, ko iska ta shiga hanya. In shuɗin ya hau, jan ya sauko, suka kusanci juna alhali kwamfaresa tana juyawa, to ba ta matsawa yadda ya kamata. In shuɗin ya yi ta sauka har ya wuce sifili, hanya ce ta toshe, galibi a bawul ko diraya, kuma in ka bi bututun da tafin hannu za ka ji inda zafi ya koma sanyi farat ɗaya, wani lokaci har da farar ƙanƙara a wurin. Akwai kuma mai wahalar da mutane: esi ya yi sanyi na minti goma ya ɗauke, a kashe a jima a kunna ya dawo. Ka zuba wa shuɗin agogo ido. Idan yana sauka har ƙasa da sifili lokacin da sanyin ya ɗauke, laima ce a cikin hanya take daskarewa a bakin bawul, in ta narke hanya ta buɗe. Wanda ya yi aikin baya bai zuƙe iska ba.

Cikin waɗannan, wanda ya fi cin mutanenmu shi ne na biyu, wato duka alluran su yi sama. Na ga an kawo wata Corolla wani gareji da azahar, mai ita ya ce sau biyu ana ƙara masa gas amma abin sai ƙara lalacewa yake. Maigidan garejin ya tambaye shi, "Alhaji, in kana kan titi yana sanyi?" Ya ce yana ɗan yi, amma da ya shiga cunkoson kasuwar Wudil ranar Juma'a sai ya koma hura wuta. Aka ɗaura geji. Jan agogo ya yi ta hawa, 300, 350, 400, sai ka ji ƙas, kwamfaresa ta saki. Allura ta sauko, ta sake kamawa, ta sake saki. Maigida ya ce wa yaronsa ya kawo ruwa a buta. Ya tsiyaya a fuskar kwandansa, kafin butar ta ƙare allurar ta zube ƙasa kamar an sake ta, iskar ciki ta yi sanyi. Ya ce, "Alhaji, leƙo ka ga fankarka." Fankar da ke jan iska ta cikin kwandansa tana juyawa, amma a kasalance, da ƙyar take motsa takardar da aka kara mata. Motar fankar ce ta gaji. Aka canja ta, aka wanke kwandansa, aka kwashe gas ɗin da aka danƙara aka mayar da daidai awonsa. Da an ci gaba da ƙarin gas, kwamfaresar da ba ta da laifin komai ita ce za ta biya.

Kwamfaresa kuwa ita ce mafi tsada a duk hanyar, shi ya sa ita ake fara ɗora wa laifi. Kafin ka furta cewa ta mutu, ka raba ciwon wuta da ciwon ƙarfe. Mai kuloci, idan an kunna esi za ka ji ƙas, farantin gaba ya manne da fuli ya fara juyawa tare da shi. In bai manne ba, ka sa mita ka ga ko wuta tana isowa. In ba ta isowa, matsalar tana baya: fis, rile, makunnin matsi, na'urar da ke auna sanyin ibafareta, ko waya da ɓera ya ci. In tana isowa amma bai kama ba, auna kwayil ɗin maganaɗisun. Yawancinsu tsakanin om 3 ne da 5. Sannan ka duba ratar da ke tsakanin faranti da fuli, wadda a mafi yawansu ba ta wuce rabin milimita da ɗan kai ba. Da tsufa ratar tana faɗaɗa, sai kuloci ya kama da safe, in kwayil ya yi zafi ƙarfinsa ya ragu ya kasa jawo farantin. Cire siririn wosha ɗaya daga bayan farantin yakan warkar da wannan. Ƙarar gurnani da ake ji ko esi a kashe kuwa, boris ɗin fuli ne, ana canja shi shi kaɗai.

Motoci da dama na bayan shekarar 2005, musamman na Jamus da wasu Toyota, kwamfaresarsu ba ta da wannan kuloci. Kullum a juye take, wani bawul na lantarki da ke jikinta ne yake ƙara mata aiki ko ya rage bisa umarnin kwamfutar mota. Idan bawul ɗin ya maƙale, alluran geji za su kusanci juna daidai da yadda matacciyar kwamfaresa ke nunawa. An zubar da lafiyayyun kwamfaresa da yawa a kan wannan, alhali bawul ɗin kaɗai ake canjawa, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na kwamfaresa ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonku da Allah ku guje mata, wato yi wa kwamfaresa dairek. Ta ƙi kamawa, sai a ja waya daga batir a ba ta wuta kai tsaye, mai mota ya ji ta kama ya yi murna ya biya. Makunnin da aka tsallake ba don ado aka sa shi ba. In gas ya yi kaɗan, man da ke zagayawa tare da shi ba ya komowa kwamfaresa, sai ta yi ta gudu a bushe har ta cinye kanta. In matsi ne ya yi yawa, tiyo zai iya fashewa a fuskar wanda ke tsaye. Ba da wuta na daƙiƙa biyu don a ji ko kuloci yana kamawa gwaji ne. Barin mota ta tafi a haka cin amana ne.

To, a ce ta mutu da gaske. Kwance ta, ka juye man da ke cikinta a kan farar takarda, ka fita da ita rana. Lafiyayyen mai garau yake, ko ruwan zuma-zuma, ko kore in an taɓa zuba masa rinin neman yoyo. In ka ga ya yi toka-toka ko baƙi, yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, to ka sani wannan garin ya riga ya bazu a duk hanyar. Nuna wa mai motar takardar nan da idonsa, domin maganar da za ka faɗa masa mai nauyi ce. Ɗaura sabuwar kwamfaresa kaɗai ba zai yi ba. Dole a canja diraya, a canja bawul, a wanke bututu da ibafareta da ruwan wankin da aka yi domin haka, ba fetur ba, a busar da su sarai. Kwandansar motocin zamani kuma ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai a jere, ruwan wanki yakan bi waɗanda ke buɗe ya bar toshassun, saboda haka canja ta ake yi. Mai mota zai ce, "Kai dai sa min kwamfaresar kawai." Ka gaya masa cikin ladabi cewa garin ƙarfen tsohuwar zai kashe sabuwar, mai yiwuwa kafin damina. In ya nace, ka ba shi haƙuri ya kai wani wuri. Gara ka rasa aikin yini ɗaya da a riƙa nuna shagonka ana cewa nan aka cuce ni.

Idan ka shiga Kofar Ruwa sayen kwamfaresa 'yar Beljiyam, ka tafi da tsohuwar a hannu ka gwada ƙafafu da fuli da soket, ka duba lambar da ke jikinta, Denso ce ko Sanden ko wata. Ka nemi wadda bakunanta suke a toshe, domin wadda ta daɗe a buɗe ta sha laima da ƙura. Juya ta da hannu ka ji tana tafiya sumul, ka sa babban yatsa a bakin fita ka ji tana turo iska, ka karkata ta ka ga launin manta. Ku yi ƙa'idar mayarwa da mai shago tun kafin ka miƙa kuɗi. Man da za ka zuba kuma nasa ne na musamman, PAG, mai lamba 46 ko 100 ko 150 gwargwadon abin da kamfanin ya ce. Yana tsotsar laima daga iska, don haka ba a barin robarsa a buɗe. In ya yi kaɗan kwamfaresa ta ƙone, in ya yi yawa ya shafe cikin bututu sanyi ya ragu.

Neman yoyo yana son haƙuri fiye da komai. Hanya mafi tsafta ita ce a cika bututun da iskar naitirojin busasshiya zuwa kimanin psi 150, a bi mahaɗai da ruwan sabulu ana neman kumfa, a bar geji a ɗaure a ga ko allura za ta sauka. Kada ka kuskura ka ari tukunyar oksijin ta mai walda don wannan aiki. Oksijin da mai in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi. In ka bi ko'ina a gaba ba ka samu ba, allura kuma tana sauka, saura ibafareta, wadda a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Aikin yini ne cur. Ka ɗauki hoton kowace soket da wayarka kafin ka cire, ka ware kusoshi kashi-kashi.

Bayan an toshe yoyo, saura abu biyu da suke raba gwani da ɗan koyo. Na ɗaya zuƙe iska. A ɗaura injin zuƙa na aƙalla rabin awa, domin idan matsi ya yi ƙasa sosai laimar da ke ciki tana tafasa ta fita. A rufe, a jira minti goma ko sha biyar a ga allura ba ta motsa ba. Tsohuwar kwamfaresar firji da wasu suke amfani da ita ba ta zuƙa ta kai inda ake so. Na biyu awo. A ƙarƙashin bonet akwai takarda a manne da ta faɗi irin gas da nauyinsa. Ƙananan motoci galibi tsakanin giram 450 ne da 650, masu esi har baya irin Sienna sun fi haka. Da sikeli ake ɗurawa, ba da taɓa bututu ana cewa ya yi ba. A hanyar da duk abin da take ɗauka rabin kilo ne, giram 100 sama ko ƙasa ba ƙaramin abu ba ne.

Gas ɗin kansa sai an yi hattara. Da can R-12 ake amfani da shi, aka gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, kamfanonin mota suka koma R-134a a farkon shekarun 1990. Shi ma aka ga yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin kabon sau 1,400 da ɗoriya, aka yi gyaran Kigali a 2016 don rage irinsa, Nijeriya kuma tana ciki. Tun 2017 duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai ba a yarda ta zo da shi ba, shi ya sa za ku riƙa ganin R-1234yf a takardar motocin da ke shigowa yanzu. Bakin gejinsa daban ne, ya fi tsada, kuma yana iya kamawa da wuta. Ba a gauraya su. R-22 na esin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin hanyar mota. R-600a na firji ɗan uwan gas ɗin girki ne, ka tuna ibafareta tana cikin ɗakin da mutum da iyalinsa suke zaune. Sannan akwai jabu. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, mutum uku suka rasu, bincike ya nuna gas ɗin jabu ne mai R-40 a ciki, wanda ke cin alminiyam ya haifar da abin da ke kamawa da wuta in ya haɗu da iska. Kwamfaresar mota ma alminiyam ce. Araha ba ta ado. Ka riƙe dila ɗaya amintacce, in ka ga farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa ka bar masa kayansa.

Ka kula da jikinka. Ruwan gas in ya fantsama a ido yana daskarar da shi nan take, saboda haka tabarau ba gayu ba ne. Inji na aiki, gwangwani a jone, ba a buɗe famfon jan agogo, domin matsin zai koma cikin gwangwanin ya fashe a hannunka. Kada ka kai wutar walda kan bututun da ke da gas, hayaƙin da ke fita guba ne ga huhu. Motoci masu haɗa fetur da batir irin Prius kuma kwamfaresarsu ta lantarki ce, wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, manta ma daban ne. Sai ka koya a hannun wanda ya sani kafin ka taɓa.

Masu mota ma suna da nasu rabon, kai ne za ka gaya musu. Wanda ya kashe esi wata da watanni don tattalin fetur, ya riƙa kunna shi ko minti goma ne a mako, mai ya zagaya robobi kada su bushe. A wanke kwandansa bayan hunturu da ruwa marar ƙarfi. A sauke gilas zafin da ya taru ya fita kafin a kunna. Wanda ya ji sanyi ya fara raguwa ya zo a watan Janairu ko Fabrairu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin baka ya ce maƙerin da ya je gindin Dala neman tama, wanda Abagayawan Kano suke danganta kansu da shi, daga Gaya ya fito. Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a garin nan, abin da ya canja shi ne yanzu yana tafiya da lamba da mita da karatun takardar da ke ƙarƙashin bonet. Wanda ya yi sakandare kada ya ɗauka karatunsa ya tashi a banza in ya shiga gareji, a nan lissafin da Turancin za su yi masa rana. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Wudil, akwai jarrabawar NABTEB ga mai son takardar shaida, akwai ƙungiyar masu gyaran firji da esi ta ƙasa, NARAP, inda ake haɗuwa da waɗanda suka riga ka. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta kowace mota: zafin gari, abin da alluran suka nuna, abin da aka tarar. Bayan bazara biyu littafin nan zai fi maka kowane malami.

Wanda ya yi niyya kada ya jira Maris. Ka nemi maigidan da za ka ga sikeli da injin zuƙe iska a shagonsa suna aiki, ko a Wudil ne ko a cikin birni, ka nemi iyayenka su kai ka su damƙa ka a hannunsa. Ka zauna har sai ya yarda ya bar maka mota kai kaɗai, ka tara kuɗin geji da mita da sikeli, sannan ka dawo gida ka buɗe naka. Allah Ya sa albarka a hannuwanku.